Garwashin Lofen Baba

Inda garkarmu take, wato lambunmu, a Gudel can gefen Yamai, yanzu doguwar katanga ce da ƙofar ƙarfe shuɗiya, da wani kare a ciki da ba ya gajiya da haushi. Kwanakin baya na bi ta wurin cikin taksi, na leƙa ina neman mangwaron da muke rataye guga a jikinshi, ban gan shi ba. Ko gulbin ba a hangowa daga hanya, gidaje sun tare. Ban tsufa ba, ɗa guda gare ni, ko yaye shi ban yi ba. Amma idan wurin da mutum ya tashi ya ɓace, sai ya wayi gari yana ba da labari kamar tsohuwa, yana cewa "a da", mutane suna kallon fuskarshi suna dariya.

A da ɗin nan, kukan kwaɗi ke tashe mu kafin ladan. Daga nan sai ƙarar butar ban-ruwa ta ƙarfe tana bugun bakin rijiya, da masunta suna dukan gefen kwalekwale da sanda don su koro kifi cikin raga. Rana ba ta gama fitowa ba matan Zabarmawa za su iso da manyan robobi a ka, suna gaisuwarsu ta "fofo" tun daga bakin shinge, sun zo sarin salati, ganyen latas, su kai kasuwa. Baba mutumin ƙasar Maraɗi ne, ya zo Yamai yana saurayi, ya yi aiki a garkar wani har ya samu tashi. Zabarmancinshi bai taɓa miƙewa ba. Matan nan su yi ta kwaikwayonshi, shi kuma ya ce ai ba da baki ake tugar salati ba. Mu mata huɗu aka haifa a jere, kowace da aikinta. Babbar yayarmu tana taya ban-ruwa, mai bi mata tana wanke salati tana ɗaurewa, ƙaramarmu tana korar awaki. Ni ce ta uku, aikina garwashi.

Baba yana shan lofe. Tukunyar ta baƙin yumɓu ce, ba ta fi ƙwan zabuwa ba, da dogon kara da aka naɗe da jar fata. Tabar daga gida ake aiko mishi, busasshen ganye ƙunshe cikin tsumma. Inna ke gyarawa: ta yayyafa ruwa, ta rufe ta kwana, ta yanka siri-siri da wuƙar kuɓewa, ta shanya a inuwa. Ba ya kunnawa da ashana, ya ce warinta yana ɓata taba. Sai an gama ban-ruwan safe, ya wanke ƙafafu, ya zauna gindin mangwaro, ya ɗaga murya, "Mai garwashi!" Ni kuma in ruga murhun Inna, in zaɓi ƙarami wanda ya yi ja sosai babu toka, in ɗora a tsingaro, in taho ina kare shi da tafin hannu kada iska ta cinye shi. Ya ɗauka da yatsu biyu, fatar hannunshi ta yi kauri ba ya jin zafi, ya aza a bakin tukunyar ya zuƙa. Inna ta ce, "Malam, kai da kamiyon kaya mai zuwa Gaya ban san wa ya fi hayaƙi ba." Ya ce, "Kamiyon yana kore miki sauro?" Idan ya gama sai ya kife tukunyar, ya buga ta a dugadugin takalmi sau uku, ƙwas, ƙwas, ƙwas, toka ta zube.

Ba don daɗi kaɗai aka san lofen nan a unguwa ba. Duk yaron da kunne ya dama, wurin Baba ake kawo shi. Ya kwantar da kan yaron a cinya, ya yi bisimilla, ya cika baki da hayaƙi, ya hura a hankali cikin kunnen, ya toshe da auduga. Ɗumin yana kwantar da yaro, sau da yawa nan take barci ya kwashe shi. Haka ya ga ubanshi yana yi, kuma ko goro ba ya karɓa. Likita a wurinmu lokacin nan sai abu ya gagara, don yini guda ne a layi, ga faransancin da ba mu ji. Yanzu kuwa yaro ya yi atishawa biyu uwarshi ta saɓe shi sai farmasi, kuma ni ce gaba-gaba a masu yin haka.

Bayan mu huɗu aka haifi namiji, shi ya sa ake ce mishi Tanko. Ni na yi goyonshi. Da yake haƙori, karan lofen yake kamawa ya ciza, har ya bar sawun haƙora biyu a jar fatar, Baba ya hana a sake ta. Da ya fara tafiya sai ya samo wani guntun karan gero, ya zauna gefen Baba ya harɗe ƙafa yana zuƙar iska, fuska a murtuke kamar dattijo. Idan Baba ya buga sau uku, Tanko zai ɗan jira, sannan ya buga nashi karan a dugadugi sau ɗaya, ƙwas. Kullum haka. Har ya zama in an ji ukun nan kowa a garka yana tsayawa da abin da yake yi, a jira na huɗu, a yi dariya.

Ƙarshen sanyi ne, zafi ya fara leƙowa. Duk mai garka ya san kwanakin nan: salatin ƙarshe idan ba a tuge shi cikin kwana uku ko huɗu ba, sai ya yi kara ya yi ɗaci, ko akuya ta ƙi shi. Kowa yana duƙe daga asuba har rana ta take. A cikin haka Tanko ya tashi yana jan kunnen hagu yana kuka. Baba ya kira ni, na kawo garwashi, ya hura mishi, ya yi barci. Washegari kunnen ya fara ruwa, jiki ya yi zafi, aka sake hurawa safe da yamma. Rana ta uku ya daina kukan. Inna ta bar mini kunu in ba shi ta koma wurin masu sari. Tanko yaro ne da yake kifa fuska cikin ƙoƙo har hancinshi ya yi fari. Ranar nan sai na ga yana kallon kunun da ido kaɗai, idon ya sauka ƙasa, wuyan yana tsaye kamar taɓarya. Sai da na ɗaga ludayi har bakinshi. Na sa hannu a ƙeyarshi na ɗan tura, kamar wasa, ya yi wata ƙara da ban taɓa ji ba, ya sake yin shiru.

Ko azumi ban fara ba a lokacin, amma na san abin da na gani ba daidai ba ne. Na tashi na nufi Baba da maganar a bakina. Kafin in isa na ji yana ce wa wata mai sari, "Alhamdulillahi, ruwan ya fita, ga shi ya bar kuka." Mu an tashe mu da cewa abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Wace ce ni da zan ce na ga abin da Baba bai gani ba? Na tsaya tsakanin kunyoyi, na haɗiye maganar. Can ya miƙe ya ce, "Mai garwashi," a hankali, ba yadda ya saba ba. Na ruga na kawo.

Da safe Tanko bai gane Inna ba. Baba ya saɓe shi a kafaɗa suka fita titi, Inna tana bin su da takalmi ɗaya a ƙafa. Kafin magariba suka dawo da shi naɗe cikin zanenta. Sanƙarau ne, ta kunnen ya shiga. Daga baya na ji Inna tana gaya wa ƙanwarta cewa majo, babban mai jinya, bai yi musu faɗa ba. Tambaya ɗaya ya yi, tun yaushe wuyan ya ƙage, kuma babu wanda ya amsa. Ina bayan ƙofa ina ji. Ni na san amsar.

Bayan sadakar uku Baba ya miƙa wa Inna lofen a gabanmu ya ce, "Jefa shi gulbi." Tun ranar bai ƙara kirana da sunan nan ba. Salatin da ya rage ya yi kara ya fid da fure ruwan ɗorawa, babu wanda ya kula shi. Na girma da abin nan a ƙirji ban gaya wa kowa ba, ko mijina. Abin da ya bar mini shi ne ido. Ba na iya kallon yaro ban duba yadda yake riƙe kai ba. Nawa kuwa sai in taɓa goshinshi sau goma a yini, har mijina yana ce mini likitar Bobiyel, unguwar da muke zaune.

Bara Inna ta rasu. Da mata suka buɗe adakarta don rabon kaya, can ƙasa, ƙarƙashin zannuwan da ba ta taɓa ɗaurawa ba, aka samu wani ƙunshi. 'Yar rigar Tanko ce mai aljihu ɗaya, a ciki kuma lofen, da sawun haƙoran nan biyu. Babbar yayarmu ta kai wa Baba. Ya juya shi a hannu ya daɗe, ya sa aljihu. Garka an riga an sayar, gwiwoyinshi sun ƙi, ɗa namiji kuma babu. Mijina direban kamiyo ne, yana yin mako biyu bai kwana gida ba. Shi ya je ya durƙusa ya roƙi Baba ya zo ya zauna a ɗakin bakin ƙofa, wai gida babu namiji. Duk mun san don kada Baba ya ji kunyar zaman gidan suruki ne.

Wata uku Baba ya yi da mu lafiya lau. Wata safiya ina wanki a tsakar gida sai warin tabar ya shigo ta saman katanga. Na saki wankin cikin kumfa. Ban ga komai ba, amma na ji kwaɗi, na ji sanyin laka a tafin ƙafata, a Bobiyel da ko rijiya babu sai yashi da bulo. Sannan na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas. Na zauna a ƙasa.

Ashe ya hau mota shi kaɗai har Babbar Kasuwa, ya yi ta yawo har ya samu wani tsoho mai sayar da ganyen taba ga masu taunawa. Da kanshi yake yankawa yanzu, da rezar aski, ba ta fita siriri kamar ta Inna. Yana goge karan da tsinken tsintsiya, yana shafa wa fatar man kaɗe, ya yini a kai kamar mai renon jariri. Samarin fadar da ke kan kwana, masu zama suna zagaya shisha, suka ba shi suna Tsoho Mai Loko, wai kan jirgin ƙasa mai hayaƙi, suna roƙo ya bari su ɗauke shi hoto da waya. Ya ce musu tasu tabar warin alewa take, ta yara ce. Abu ɗaya ya rasa, garwashi. Ni da gas nake girki, gidanmu ko murhu babu. Sai ya ɗauki sanda ya ja ƙafa har wurin mai shayi, ya roƙo ɗaya a cokali, kafin ya dawo rabi ya zama toka. Ina ganinshi ta ƙofa. Bai taɓa cewa in kawo ba, ni ma ban taɓa tayi ba.

Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, tarin nan naka fa, tabar nan ba za ta ƙara shi ba?"

Ya ce, "Wanda ya kai bakin gulbi ba ya tsoron raɓa, ɗiyata."

Ba tarin ne damuwata ba, shi ma ina jin ya sani. Ɗana na fari ne, ba na faɗin sunanshi, kuma sunan Baba aka sa mishi, don haka Baba ke ce mishi Takwara. Yaron ya manne mishi. Da ya ji muryarshi sai ya rarrafa ya nufi ƙofa, Baba yana cewa, "Ga ɓarawon suna nan, zo ka biya ni." Ni kuwa tun da lofen ya dawo na fara ƙirƙiro dalilai: yanzu zai yi wanka, yanzu zai sha nono, rana ta yi yawa. Idan na ga karan nan kusa da fuskar yaron sai in ɗauke shi.

Ranar da nake tsoro ta zo da hantsi, mijina yana hanya. Ina yi wa yaron wanka na ga ya kai hannu kunne yana ja, na hagu. Na taɓa wurin ya fashe da kuka, jikin da zafi. Na shirya shi da sauri, na ɗauki katin awo, niyyata in fice kamar zan je kasuwa. Amma ƙofar gidanmu ɗaya ce, kuma Baba yana zaune a bakinta kan tabarma, lofen a baki yana ci.

Ya ce, "Wannan kukan na san shi. Kawo shi nan."

Na tsaya. Hayaƙin yana tashi tsakaninmu. Tun da aka haife ni ban taɓa musa wa Baba ba, kuma na san abin da rashin musun ya ci. Na ce, "Baba, kashe lofen tukuna."

Ya dube ni. Na zaci zai yi fushi, sai na ga fuskar ta faɗa kamar an zare mata wani abu. Ya kife tukunyar ya zubar da wutar a yashi, ya take da takalmi, ya tura lofen can bayan tabarma. Ya goge hannu a riga ya miƙo. Na ba shi yaron.

Ko kallon kunnen bai yi ba. Ya kwantar da shi rigingine a cinya, ya sa tafin hannu ƙarƙashin ƙeyarshi, ya ɗago kan a hankali har haɓa ta taɓa ƙirji. Ya sake, ya kuma ɗagowa. Sau uku. Yaron yana kuka yana shure-shure, amma wuyan yana lanƙwasa kamar ɗanyen reshe. Baba ya sauke numfashi ya ce, "Yana sunkuyawa. Duk da haka maza, yanzu, ba gobe ba."

Ban san lokacin da maganar ta fito ba. Na ce, "Baba, ranar nan ni na ba Tanko kunu. Na ga wuyanshi. Na taho in gaya maka, ban faɗa ba."

Ya ci gaba da jijjiga yaron. Can ya ce, "Kina tsaye tsakanin kunya ta biyu da ta uku, da ludayi a hannu. Na gan ki."

Na ce, "Ka gan ni?"

"Na gan ki, kuma na san abin da ya kawo ki, don tun da asuba na ɗauke shi na ji yadda yake. Na ce bari a gama salatin nan, kwana ɗaya ne. Da na ga kin taho sai na ɗaga murya na ce ya samu sauƙi, don kada ki faɗa." Ya goge wa yaron hawaye da babban yatsa. "Uwarki ma ta sani, ita ta yi mishi wanka. Shekara nawa muka yi ɗaki ɗaya, ban ce mata ba, ba ta ce mini ba. Na ɗora wa yumɓu laifi na ce ta jefa gulbi. Kin ga ba ta jefa ba."

Na ce, "To me ya sa ka koma mishi?"

Ya ce, "Fuskar Tanko ta fara ɓace mini. In na rufe ido sai in ga ta Takwara. Amma idan na kunna, yana zuwa ya zauna nan," ya nuna gefen tabarma, "har tabar ta ƙare. Tashi, rana tana yi."

Tare muka je, shi da sandarshi ya tsayar da taksi a tsakiyar titi. Aka duba kunnen da fitila, aka ce ciwo ne amma an zo da wuri, aka rubuta magani na kwana bakwai. Matar da ta duba shi ta shaƙi rigar Baba ta ce, "Tsoho, hayaƙin nan nesa da yaro." Baba ya ce, "To, madam," kamar ɗan lakwal a gaban malami. Muka kamo hanyar gida. Ina ta neman in ji haushinshi, ko in ji an sauke mini kaya, ban samu ko ɗaya sosai ba. Abin da na yi ta gani shi ne yarinyar nan da ludayi, da mutumin da ke duƙe yana kallonta ta ƙarƙashin hannu, kowa yana tsoron kowa.

Kwana bakwai lofen yana bayan tabarma bai taɓa shi ba. Yaron ya warke, ya koma ɓarnarshi. Baba kuwa ya bar zolaya, abinci ma sai ya tsakura ya ture, ya zauna yana kallon gefen tabarmar nan.

Rana ta takwas na aiki kaina wurin mai gawayi na sayo ɗan ƙulli. Na ɗora guda a kan wutar gas ina juyawa har ya yi ja babu toka. Tsingaro babu a Bobiyel, sai na sa a marfin gwangwanin tumatir. Na goya yaron, na fito ina kare wutar da tafin hannu, hannun bai manta ba. Na ce, "Baba, can gindin dogon yaro, waje da ƙofa. Kuma in yana hannunka, babu."

Ya kalli marfin, ya kalle ni. Ya ce, "Mai garwashi," can ƙasa-ƙasa.

Ya ja tabarma zuwa gindin itacen, ya cika tukunyar, ya ɗauki wutar da yatsu biyu. Yanzu fatar ta yi laushi, na ga ya ji zafi, bai saki ba. Na koma na tsaya ta inda iska ke fitowa, yaron ya yi barci a bayana. Ban shiga gida ba. Na tsaya har tabar ta ƙare, yana zaune ya ɗan karkata gefe guda kamar mai ba wani wuri. Sannan ya kife tukunyar a dugadugin takalmi. Ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Bai ɗago ba, ni ma ban motsa ba. Mu biyu muka yi shiru, muna jiran na huɗu.